Jikin da Ban Tambaya Ba

"Cire hannunki daga jikinsa!"

Ban faɗa a fili ba. A zuciyata na faɗa, amma da irin ƙarfin da na ɗauka duk wanda ke ɗakin ya ji.

Renske ce durƙushe kusa da Wessel, saurayina da saura wata biyu mu yi aure. Tafin hannunta na kan haƙarƙarinsa, tana ce masa ya ja numfashi a hankali. Ni kuwa ina zaune a benci da littafi a cinya, ba damar in motsa.

Ranar muke jarrabawar gwaji ta zama malaman Pilates, wani salon atisayen motsa jiki, saura sati uku a yi ta gaske. Dokar Malama Hilde, mai horar da mu, ita ce kowace ɗaliba ta zo da mutum guda da za a koyar. "Jiki" muke kiransa. Sai a jefa ƙuri'a, kowa ta ɗauki jikin wata. Kafin a fara, jikin zai cike takardar lafiya, ba mai ganinta sai wadda za ta koyar da shi. Sirri ne, duk wadda ta fasa kuwa ta bar makarantar ke nan.

Mu tara ne a ajin, amma don ƙaddara sai ƙuri'ar Wessel ta faɗa hannun Renske.

Renske fa!

'Yar ƙauyensu ce, tare suka yi firamare, ita ce kuma yarinyar da mahaifiyarsa ta so ya aura tun ban san da shi a duniya ba.

Ina kallonta lokacin da ta buɗe takardarsa. Ta karanta, ta tsaya cak, ta sake karantawa. Ta ɗago ta dube shi, sannan ta juyo ta dube ni, wani ɗan murmushi ya suɓuce mata.



Ta tashi ta ɗauko matashi biyu ta tallafe masa kai. Ta kwantar da shi a gadon atisaye, ta rage ƙarfin sifirin da ke jan gadon. Duk wani motsi da ake ɗaga ƙafafu a tsallake da su bayan kai, ta tsallake shi. Wanda ake sunkuyawa kai na reto ƙasa, shi ma ko kusa ba ta je ba. A raina na ce yau kin faɗi, yarinya! Wessel ɗin da nake naɗewa kamar tabarma kullum safiya, shi kike lallaɓawa kamar ƙwai?

Lokaci na cika Malama Hilde ta ajiye biro.

"Madalla, Renske. Kin karanta jikinki."

Baki sake na bi su da kallo.

A ɗakin canza kaya ta same ni ina ɗaure takalmi.

"Fenna..."

"Mene ne?"

"Anya kin san mutumin da za ki aura?"

"Me kike nufi?"

Ta ɗaga kafaɗa tana taje gashi. "Ni? Ba komai. Kin san doka, sirrin jiki ne."

"To ki riƙe sirrinki, ya yi miki amfani."

"Zan riƙe kuwa. Kawai dai kin ban tausayi." Ta rataya jakarta ta fice.

A waje Wessel na jirana cikin yayyafi, hannuwa a aljihu. Na tura kekena muna tafe a ƙafa, don shi tun kaka ya ce an sace nasa, kuma kullum "zan saya" yake.

"Me ka rubuta a takardar nan?"

"Sunana da shekaruna. Me zan rubuta?"

"Wessel!"

"Zuciyata, kishi ne wannan?" Ya yi dariya ya ja hancina. "Ya yi miki kyau kuwa."

Na ture hannunsa, amma na yi dariyar nima. Haka yake yi min. Malamin firamare ne, ya iya lallashin yara, ni ma kuma da wannan muryar yake kwantar da ni.

Kwana uku ina saƙe-saƙe. Na ce ko sun taɓa soyayya ne ya rubuta mata wani abu. Na ce ko yana da ɗa a wani wuri. Ba irin shirmen da ban raya ba, sai abin da ke gabana ƙuru-ƙuru.

Ranar Alhamis da rana ina zaune a ƙasa, na baje katunan karatuna, kofi ya huce a gefe. Na bar aikin ofis na shekara shida saboda wannan takardar shaida. Babana har yau in ya kira sai ya ce, "Ya karatun koya wa mutane kwanciya?" Don haka faɗuwa ba ta cikin lissafina.

Na ɗauki kati na gaba.

Waɗanda ba a bari kansu ya yi ƙasa da zuciyarsu.

Na rufe ido ina haddacewa. Masu juna biyu. Masu hawan jini. Masu hawan jinin ido...

Na buɗe idona.

Matashi biyu a ƙarƙashin kansa.

Duk motsin da Renske ta tsallake, duk suna cikin wannan katin, ɗaya bayan ɗaya.

Hawan jini ba shi da shi, ko watan jiya ya ba da jini a asibiti, tare muka je. Saura ɗaya ke nan.

Keken da aka ce an sace. Kofunan da yake turewa da gwiwar hannu in yi ta masa tsiya. Yadda in na yi magana ta hagunsa sai ya juyo da kansa gaba ɗaya. Ƙofar kicin ɗina da ya sha bugawa da kafaɗa, in ce masa ɗan ƙauye bai saba da ƙananan gidaje ba, mu yi ta dariya.

Wayyo Allahna!

Ina neman wayata ke nan aka danna ƙararrawa.

Madam Postma ce, mahaifiyarsa, tsaye da rigar ruwa da jaka a maƙale a hannu. Shekara biyu ina tare da ɗanta ba ta taɓa taka gidana ba. In na je nata, kofi ɗaya da biskit ɗaya, ta rufe gwangwani ta mayar kabad.

"Sannu da zuwa, Madam. Shigo..."

Ta shigo, ba ta zauna ba. Idonta ya sauka a kan tabarmar atisaye da ke shimfiɗe tsakiyar falo.

"A nan kike yi?"

"Me fa?"

"A nan kike kifa min ɗa da ka?"

Na dubi tabarmar.

"Renske ta zo wurina jiya. Ta ce da bakinsa ya gaya mata kullum safiya kafin ya tafi makaranta sai ya biyo nan kin gwada darasinki a kansa. Wata nawa?"

"Bakwai..." na ce.

"Wata bakwai!" Ta dafe kujera. "Likita ya hana shi ko ɗaure takalmi a sunkuye, ke kina ɗaga masa ƙafafu sama kamar kazar da za a fige!"

"Madam, na rantse ban sani ba! Yanzun nan... yanzun nan na gane!"

"Kin tambaye shi?"

"Bai taɓa faɗa min..."

"Ba abin da na ce ke nan ba. Renske ta ce abu na farko da ake koya muku shi ne ba a taɓa mutum sai an tambaye shi lafiyarsa. Ƙarya ta yi?"

"Gaskiya ne."

"To shi kin tambaye shi? Ko sau ɗaya?"

Na sunkuyar da kai. Maƙwabciyata ta cike min takardar nan. Ƙanwata ta cike. Har tsohon da ke sayar da cuku a kasuwar Asabar, da ya zo sau ɗaya don raha, sai da na zaunar da shi ya cike. Wessel kaɗai ban ba wa ba. Me zan tambayi Wessel? Ai na san shi.

"Rabin ganin idonsa na hagu ya tafi," ta ce, muryarta ta sauka. "Ranar Litinin za a yi masa aiki. Ubansa da wannan ciwon ya makance, ni na san abin da ke gaba. Ke ba ki sani ba, ba kuma za ki iya ba. Ki rabu da shi."

Ta fita ta ja ƙofar a hankali. Da ta buga ta da ƙarfi ma da ya fi min sauƙi.

Ban san lokacin da na hau keke ba. Na isa makarantarsu ana tashi, iyaye na kwasar yara. Yana ganina fara'arsa ta ɗauke.

Muka zauna a bencin bakin ruwa.

"Mama ta zo wurinki," ya ce.

"Tun yaushe?"

"Shekara ɗaya da wata biyu."

"Shekara ɗaya!" Na miƙe, na sake zama. "Kana kallona ina juya ka, ina ce maka ƙara kaɗan, ƙara kaɗan, ka yi shiru? Kana da hankali kuwa?"

"Da na faɗa miki, a kan wa za ki gwada?"

"A kan kowa! A kan kujera! Idonka ne fa, Wessel!"

"Minti biyu ne kullum. Na ce ba zai yi komai ba." Ya murza hannuwansa. "Kuma ba ki ga fuskarki ba in motsi ya fita daidai. Kina tsalle kamar 'yan ajina. Ni kuwa ina ta tara kallon nan, don ban san iya lokacin da ya rage min ba."

Kuka ya ƙwace min.

"Ni ce na jawo, ko? Faɗa min gaskiya."

"Likita bai ce ke ce ba."

"Ya ce ba ni ba ce?"

Ya yi shiru.

Wannan shirun har yau in na tuna shi sai tsikar jikina ta tashi.

"To me ya sa ka rubuta wa Renske? Ita ka ga ta cancanci sani, ni ban cancanta ba?"

"Ba ita na rubuta wa ba. Takarda ce ta tambaye ni, Fenna. An rubuta, kana da ciwon ido? Eh ko a'a. Na daɗe ina jiran wani ya tambaye ni kai tsaye, don ni na kasa farawa."

Ji na yi kamar an kwaɗa min mari.

"Masoyina, ka yafe min. Zan gyara. Zan bar karatun ma in ka ce..."

"Kin ji ko? Abin da nake gudu ke nan." Ya juyo da kansa gaba ɗaya ya dube ni. "Dubi irin kallon da kike min. Daga yau duk kallonki na tausayi ne da jin laifi. Ba zan bari ki aure ni don ki wanke kanki ba."

"Me kake cewa?"

"A fasa."

"Wessel..."

"A fasa, Fenna. Ki je ki ci jarrabawarki."

Ya zare zoben alkawarinsa ya ajiye a benci tsakaninmu, ya tashi. Ina kallonsa ya bi gefen hanya, hannunsa na hagu na ɗan shafar shinge. Sau nawa ya yi haka a gabana ban lura ba?

Sati guda ban buɗe littafi ba. Na kira shi ya fi sau talatin, bai ɗauka ba. Bayan an yi masa aikin idon ya tare a gidan mahaifiyarsa. Babana da ya ji labari cewa ya yi, "To, ƙila haka ya fi alheri, 'yata. Rayuwa da makaho ba wasa ba ce." Na kashe wayar yana tsaka da magana, abin da ban taɓa yi ba.

Jarrabawar gaske dokarta daban ce. Babu ƙuri'a. Ke za ki zo da jikinki, amma dole ya zama wanda ba ki taɓa koyarwa ba ko sau ɗaya. Da wani abokin aikin Wessel ne zai zo min, yanzu kuwa da wane ido zan kira shi? Ina cikin tunanin wanda ya rage a duniya da ban taɓa shimfiɗa wa tabarma ba, sai mutum ɗaya ta faɗo min.

Na ce kin haukace, Fenna.

Washegari na hau bas zuwa ƙauyen su Wessel.

Keken Renske na fara gani jingine a bangon gidan. Ita ta buɗe ƙofa ma, da ludayi a hannu, kamar gidan ubanta.

"Au, ke ce? Yana barci. Likita ya ce kar a dame shi."

"Ba wurinsa na zo ba. Kuma ki gode wa Allah ban gaya wa Malama Hilde yadda kike riƙe sirrin jiki ba."

Ta yi tsuru-tsuru. Kafin ta samu amsa Madam Postma ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Me kuma kike nema?"

"Ke, Madam."

"Ni?"

"Ranar Juma'a ƙarfe goma nake jarrabawa. Ina buƙatar mutumin da ban taɓa koyarwa ba. Ki zo ki zama jikina."

Renske ta fashe da dariya. Madam Postma ba ta yi ba.

"Kin lalata min ɗa, yanzu ni kike so ki ƙarasa?"

"Kin ce ba zan iya ba. Ba na so ki ji daga bakin kowa. Ki zo ki gani da idonki, in kin ga ban iya ba, na yi miki alkawari ba za ki sake ganina a ƙofar nan ba."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta rufe ƙofar.

Ranar Juma'a ƙarfe goma saura biyar ina tsaye a bakin ɗakin jarrabawa ni kaɗai. Kowa da jikinsa. Renske ta riga ta gama tata tun tara, tana zaune tana cin tuffa tana kallona.

"Jikin naki bai iso ba?" ta ce. "Ko shi ma kin manta ba ki tambaye shi ba?"

Malama Hilde ta leƙo ta dubi agogo.

"Fenna, in ba jiki, ba jarrabawa."

Sai ga ƙarar takalmi a matakala, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Madam Postma!

Sanye da wani tsohon wandon motsa jiki na maza da ya yi mata yawa, jakarta maƙale a hannu kamar za ta coci. Tuffar Renske ta tsaya a iska.

"Ina ake cike takardar?" ta ce, ko kallona ba ta yi ba.

A ciki akwai Malama Hilde da wani baƙon mai jarrabawa mai furfura. Awa ɗaya ake bayarwa, minti goma na tambayoyi, hamsin na koyarwa, kuma akwai jerin motsin da dole a nuna kafin lokaci ya cika.

Aka miƙo min takardarta.

Ciwon baya? Babu. Karaya? Babu. Aikin asibiti? Babu. Magani? Babu.

Tun daga sama har ƙasa babu, ga sa hannunta a ƙarshe, tsaf.

Zuciyata ta ce alhamdu, jiki lafiyayye, fara kawai ki gama da wuri. Har na nuna mata tabarma. Sai na ga yadda ta ajiye jakarta. Ba ta sunkuya ba, gwiwa ta lanƙwasa, bayanta a miƙe kamar an sa mata katako. Na ce ta tsaya in dube ta ta gefe. Saman bayanta ya ɗan rusuna. A wuyan hannunta na dama akwai siririn tabo fari.

Na jawo kujera biyu.

"Madam, zauna mu yi magana."

"Na cike takarda."

"Na gani. Wannan tabon na mene ne?"

"Wuƙar kicin."

"Wuƙar kicin ba ta barin alamar ɗinki shida. Kin taɓa karyewa?"

"Yarinya, ba hira na zo ba. Ki yi abin da za ki yi, ina da bas ƙarfe goma sha biyu."

Mai furfura ya yi gyaran murya. "Minti gomanki ya cika."

"Na sani, Malam."

Wata goma sha huɗu na karatu na kallona. Muryar Babana na amsa-kuwwa a kunnena. Motsi na farko a jerin shi ne a naɗe baya a ɗago daga kwance, in kuwa abin da nake zargi gaskiya ne, wannan kaɗai ya isa ya fasa mata ƙashi.

"Madam, ba zan taɓa ki ba sai kin gaya min gaskiya."

"Za ki faɗi jarrabawa."

"In faɗi."

"Minti goma sha takwas," in ji mai furfura.

"Kina shan maganin ƙashi?"

Ta shafa tabon da ke hannunta.

"Tsawonki ya ragu a 'yan shekarun nan? Rigunanki sun fara yi miki tsawo?"

Ta kawar da kai ta dubi taga.

"Minti ashirin da biyar. Fenna, ko ki fara ko ki ajiye," Malama Hilde ta ce a hankali.

"Malama, ba zan fara ba." Hawaye ya cika min ido amma ban bar shi ya zubo ba. "Na taɓa yin haka sau ɗaya. Na ɗauka na san mutum."

Sai na ga haɓar Madam Postma na rawa.

"A banɗaki ne," ta ce, har yanzu tana kallon taga. "Ina ɗago mijina daga baho, santsi ya kwashe mu. A nan hannun ya karye. Shekara goma sha takwas ina ɗaga namiji mai nauyin buhu biyu, ina yi masa ido, ina yi masa sanda. Bayan ya rasu aka duba ni, aka ce ƙasusuwana sun zaizaye. Biyu a gadon bayana sun tsage."



"Wessel ya sani?"

"Ba wanda ya sani. Mu a gidanmu ba a faɗa." Ta juyo ta dube ni, karo na farko ba harara. "Da gangan na rubuta babu. Na ce in ga ko za ki sake."

"Da na sake fa? Da na karya ki fa, Madam?"

"Da na san na yi daidai da na raba ku."

Wace irin mata ce wannan, da za ta sa bayanta a caca saboda ɗanta?

Na goge idona na tashi. Da abin da ya rage na koyar da ita. Ban naɗe mata baya ba, ban murɗa ta ba. Na kwantar da ita a gefe, na sa ta numfashi, na sa ta miƙe dogo, na tsayar da ita a ƙafa ɗaya tana riƙe da hannuna. Ta riƙe gam, har sai da yatsuna suka yi ciwo.

"Lokaci ya cika."

Ko rabin jerin ban kai ba.

Mai furfura ya rufe littafinsa. "Abin da kika yi shi ne daidai, kuma zan rubuta hakan. Amma ba ki nuna abin da doka ta ce a nuna ba. Sai ki dawo a watan Nuwamba."

Na faɗi.

Na jira in ji duniya ta kife, ban ji ba. Na ɗauko wa Madam Postma jakarta don kar ta sunkuya, muka fito.

Renske na bakin ƙofa, ta miƙe da sauri. "Mama Postma, in raka ki bas?"

"Na san hanya. Ke kuma ki koyi riƙe bakinki, ba don ni kika faɗa min ba."

Muka sauko matakala. A ƙasa, kan bencin da ake ajiye takalma, wani na zaune da farin bandeji a idon hagu.

Wessel ne!

"Shi ya rako ni," mahaifiyarsa ta ce. "Wai kar in ɓata a birni. Makaho na rakiyar mai ido." Ta daki kafaɗarsa da jaka. "Tashi, sakarai! Ta faɗi jarrabawa saboda ni."

Wessel ya miƙe a firgice. "Ta faɗi? Mama, me kika yi?"

"Ita za ta faɗa maka. Har da abin da ban faɗa maka ba. Ni zan je in sha kofi." Ta tura ƙofa ta fita.

Muka tsaya muna kallon juna. Ya rame, gemu ya fito masa.

"Fenna, ban canza magana ba. Ba na son tausayi..."

"Yi min shiru. Yau ni ke tambaya, kai kana amsawa. Idon hagu zai dawo?"

"A'a. Abin da ya tafi ya tafi."

"Na dama fa?"

"Ba su sani ba. Ƙila shekara talatin, ƙila biyar."

"Sau nawa kake ɗiga magani?"

"Uku a rana."

"Kana jin tsoro?"

Idon nan guda ya ciko.

"Kullum," ya ce. "Kullum, Fenna."

"Nima haka. Kuma ina jin haushinka, ka sani. Ina jin haushin kaina fiye da naka. Tausayi kuwa ban da shi, uwarka ta ƙarar min da shi a sama." Na matsa kusa. "Kana sona?"

"Kin san amsar."

"Ban sani ba. Na daina sanin abin da ban tambaya ba."

Ya jawo ni jikinsa, ina jin yadda ƙirjinsa ke bugawa.

"Ina sonki, zuciyata. Ina sonki har ya sa na yi wauta."

"To wautar ta ƙare. Za ka aure ni ko sai na kira Mama ta dawo da jakarta?"

Ya yi dariya yana kuka, nima haka, har mai sharar wurin ta tsaya da tsintsiya tana kallonmu.

Ba mu ɗaga ranar ba ko da kwana ɗaya. A zauren hukumar gari aka ɗaura, mutum ashirin da huɗu, Babana a sahun gaba yana ta share hanci yana cewa mura ce. Da muka shiga, ma'aikaciyar ta nuna min inda amarya ke tsayawa, a hagun ango. Na nufi wurin ke nan sai na ji an riƙo min hannu.

Surukata ce. Ta zagayo da ni ta tsayar da ni a ɗaya gefen, ta gyara min mayafi, ta koma ta zauna.

Wessel ya dube ni ba tare da ya juya kansa ba, ya gan ni gaba ɗaya.

Tun daga ranar, duk inda za mu, a damansa nake tafiya.